Watan da Yaya Za Ta Huta

Shafi na 19

Salamu alaikum. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gan ku. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutu, kuma ba ku kaɗai ne a gabana ba. Mai karatu ya nutsu ya karanta, kada a tsallake layi a dawo ana tambayata abin da na riga na faɗa.

Kun dai san Yaya. Shekara bakwai ke nan da ta rufe shagon ɗinkinta ta koma gidan mahaifinsu, tun ranar da ya faɗi a banɗaki, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hannun hagun da ya rage ma rawa yake yi, ko cokali ba ya riƙewa. Ita ke juya shi, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki sau uku a rana. 'Yarta Nas da ke aikin asibiti a ƙasar waje ce ta saya mata hutun kwana goma a wani otal na tsibiri, can tsakiyar teku. Sau uku ana sa rana, sau uku ana ɗagawa. Mun tsaya inda aka kira ta daga ofishin masu tikiti aka ce ta zo da ƙafarta.

Ofishin ƙarami ne, a saman wani kantin wayoyi. Kujera mai laushi, ga sanyin na'ura. Mai tikitin, wata matashiya mai gilashi, ta ce a ba ta minti biyu ta nemo takarda.

Kafin ta juyo Yaya ta yi barci a zaune, jakarta a rungume.

"Mama. Mama."

"Na'am! Lokacin juya shi ya yi?"

"A ofis kike, Mama."

Yaya ta shafa fuska. "Yi haƙuri 'yata. Kujerarku ce ba ta da kirki."

Mai tikiti ta juyo mata fuskar kwamfuta. "Ga ɗakinki nan. A kan ruwa aka gina shi, bisa ginshiƙai. Kin ga nan tsakar ɗakin? Gilashi ne. Kina kwance kina kallon kifi suna wucewa ta ƙarƙashinki."

"Wa ke goge gilashin?"

"Akwai masu yi."

"Zanin gadon fa?"

"Kullum ana canzawa."

"Ba ni ba."

"Ba ke ba, Mama."

"Abincin wa ke dafawa?"

"Waya kawai za ki ɗaga, a kawo miki har ƙofa."

Yaya ta ɗan matso. "To in mutum ba ya son a ƙwanƙwasa masa fa?"

"Akwai wani ɗan kati da ake ratayawa a hannun ƙofa. In kika rataya shi, ba mai taɓa ƙofarki."

"Har yaushe?"

"Har ki cire da kanki."

Yaya ta daɗe tana kallon hoton. Ba ruwan ta kalla ba, ƙofar ta kalla.

"Ni ko katin nan kaɗai kuka ba ni ya ishe ni," in ji ta.

Mai tikiti ta yi dariya, ta ga Yaya ba ta yi ba, sai ta haɗiye.

"To Mama, maganar wata. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwan sama ne da iska a can. Teku yakan tashi, jirgin ruwan da ke kai baƙi otal ɗin sai ya kwana biyu a ɗaure. Yanzu da muka shiga Nuwamba aka fara samun sauƙi. Disamba akwai kyau amma cunkoso, yara sun yi hutu, hayaniya har ta hana ki sakewa. Janairu da dama-dama. Fabrairu kuwa ba a magana, ruwa kwance kamar an goge shi, sama fes. Maris zafi ya fara. Kuma ƙarshen Maris takardarki ta mutu."

"Ta mutu kamar yaya?"

"An ɗaga sau uku. Otal ɗin ba sa yarda da na huɗu. Shi ya sa na ce sai na gan ki ido da ido."

"To ai ku kuka ɗaga. Na farko iska ta yaye muku rufi. Na biyu kuna gyaran inda jirgi ke tsayawa. Na uku kuma ruwan sama."

Mai tikiti ta cire gilashinta.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ƙanena. Injiniya."

"Mama, ba rufin da ya yaye. Ranar da aka sa miki ta farko, Fabrairun da ya wuce, ko gajimare babu a can."

Mai tikiti ta duba kwamfuta.

"Lambarsa 'yarki ta ba mu, ta ce ba kya duba saƙo, shi za a riƙa kira. Shi ya bugo duk sau ukun. Ga shi a rubuce. Na farko ya ce ba ki da lafiya. Na biyu ya ce fasfonki bai fito ba."

Yaya ta zuge jaka. Ta ciro wata leda da aka naɗe aka sake naɗewa, ta warware, ta ajiye fasfon a kan tebur. Sabo fil, ko lanƙwasa babu.

"Shekararsa biyu a jakar nan," in ji ta. "Ko kasuwa za ni da shi nake zuwa."

"Na ukun ma shi ya zaɓi Satumba. Na ce masa tsakiyar ruwa ne, ba na ba kowa shawarar lokacin. Ya ce in sa hakan nan. Da lokaci ya matso ya bugo ya ce ai ana ruwa, a ɗaga."

"Yana da dabara tun yana yaro."

"Mama, ɗaki ɗaya ya rage a Fabrairu. Na riƙe miki shi zuwa ƙarfe huɗu na yau. In huɗu ta yi zan kira ki a lambarki, ba tasa ba. Wata kawai za ki faɗa min."

Yaya ta naɗe fasfon yadda yake, ta mayar. Ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu.

"Allah Ya yi miki albarka. Ki kira."

* * *

Sai ƙarfe biyu da wani abu ta iso gida. Auta, ƙanwarsu ta ƙarshe da aka bar wa tsohon tun safe, tana zaune a falo da waya a hannu.

"Ya ci?"

"Ya ƙi, Yaya. Kamar kullum. Na kai cokali bakinsa ya datse haƙora."

Yaya ta shiga kicin ta ɗumama shinkafar mai laushi da take masa, ta zuba a kwanonsa, ta rufe da faranti. Rufewar nan tun zamanin mage ta saba da ita, wata baƙar mage da ta riƙa rage wa Baba abinci duk sanda aka ajiye masa ya huce, har Yaya ta gaji ta sa aka kai ta nesa cikin buhu.

Ta shiga ɗakin. Baba na kwance, fuskarsa wajen ƙofa. Da ya gan ta idanunsa suka saki, ya ɗan buɗe baki tun kafin ta zauna.

Ta ajiye kwanon a ɗan teburin gefen gado, kusa da kwalbar man da take murza masa hannun hagu da shi kowace safiya.

"Baba, ina zuwa."

Ya yi wani sauti a maƙogwaro.

"Na ce ina zuwa."

A shekara bakwai, yau ne karo na farko da ta shigo da abinci ta fita ba ta ba shi ba.

Ta kira Injiniya. "Ka zo yanzu." Ta kashe kafin ya tambayi dalili.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci ya shigo da takalman aiki duk ƙurar siminti, wayoyinsa biyu a hannu ɗaya.

"Yaya lafiya? Jikin Baba ne?"

"Zauna."

Ta sauko da kalandar kantin magani da ke bango, wadda take sa alama a kai duk ranar da aka buɗe sabon kwali. Ta juya bayanta inda aka jera watannin da ke tafe, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗauki biro.

"An ce in zaɓi wata. Kwana goma. Kai da Auta za ku riƙe Baba. Disamba?"

Injiniya ya sosa kai. "Disamba muke miƙa gini, Yaya. Ko barci ba na yi a watan nan."

Ta ja layi a kan Disamba. "Janairu?"

"Yara na komawa makaranta, kuma kin san ciwon ƙafar madam."

Ta ja layi. "Fabrairu?"

"Kankare za mu zuba a bene na uku. In ba na wurin leburorin nan sai su zuba min ruwa zalla."

"Maris?"

"Akwai wani kwas da za a tura mu. Amma Yaya, ki bari zuwa Yuni haka, lokacin na..."

"Yuni ana ruwa."

"To sai a duba."

"Sai a duba." Ta ajiye biron. "Injiniya, kai ka yi karatu, ni ban yi nisa ba. Iskar nan da ta yaye rufin otal, daga ina ta taso?"

Injiniya ya kalli wayoyinsa.

"Daga wayarka ta dama ko ta hagu?"

Auta ta kife tata wayar a cinya.

"Yaya, bari in yi miki bayani."

"Ba ni da lafiya, ka ce. Fasfona bai fito ba, ka ce. Kai ka kai ni wurin hoton da motarka, kana ta min tsiya wai na yi fuskar shanu."

"Na sani."

"Sau uku na haɗa akwati. Na ɗinka riguna huɗu da keken da ban taɓa ba tun da na rufe shago. Sau uku na kwance kayan na mayar durowa. Na ukun ma a sallah na roƙi Allah Ya tsayar musu da ruwan, ashe mai ruwan yana nan yana cin abinci a falona."

Injiniya ya ajiye wayoyinsa a tebur. Muryarsa ta sauka.

"Kin tuna bara da aka kwantar da ke asibiti saboda bayanki? Kwana biyu kacal."

"Na tuna."

"Ba ki ga abin da muka gani ba. Na riƙe cokali, ya ƙi. Madam ta riƙe, ya ƙi. Auta ta riƙe. Har nas na ɗauko daga waje, ya juya mata ƙeya. Na durƙusa a gaban gadon nan ina ce masa Baba ni ne fa, ɗanka. Ko kallona bai yi ba. Kwana biyu ke nan, Yaya. Goma fa? Ki je ki kalli kifi, ki dawo ki tarar da me?"

Yaya ta kalli ƙofar ɗakin Baba.

"Da na faɗa miki a fili, ke da kanki za ki ce kin fasa. Kuma ki riƙe mu a zuciya, har shi ma ki riƙe shi. Na ce gara ki ji haushin iska."

"Da ka bar ni na fasa da bakina."

"Yaya..."

"Ko wannan ɗin da ka bar min. A ce ni na ce ba za ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Wanda ya gaji sosai ba ya ihu, ku da ba ku taɓa jinya ba ba za ku gane ba. Kuna aiko da kwalin magani da direba, kuna tsayawa bakin ƙofa ku ce "ya jiki" ku duba agogo, kuna ganin kun fita haƙƙi. Da ku nake.

"Kai ka san rabon da in yi barcin awa huɗu a jere?" in ji Yaya. "Ni ma ban sani ba. Yau a ofishin mutane na yi barci baki buɗe, a gaban yarinya sa'ar 'yata. Ba kifi nake so ba, Injiniya. Me zan yi da kifi? So nake in kwanta, in farka don kaina, ba don an yi tari a ɗakin can ba."

"Zan sayo miki sabuwar katifa. Irin ta masu ciwon baya."

"Ka haɗo da wanda zai bar ni in kwanta a kanta."

Ya sunkuyar da kai.

Yaya ta ɗauki biron, ta ja layi a kan Fabrairu, ta ja a kan Maris. A hankali ta ja, kamar mai yanka yadi.

"Shi ke nan. Ƙarya ka yi min, amma maganarka gaskiya ce. Ba ya ci sai a hannuna. Ƙarfe huɗu za ta kira, in ce ta ba wani ɗakin. 'Yata Nas kuma ni zan san abin da zan gaya mata." Ta dafa tebur za ta miƙe. "Bari in je, abincinsa ya huce."

"Yaya, kar ki shiga."

Auta ce. Tun da aka fara ba ta ce uffan ba.

"Me?"

"Kar ki shiga tukuna." Ta miƙe tsaye. "Ki ɗaga murya ki ce za ki kantin magani."

"Ke Auta, wasa ne ya kawo mu nan?" in ji Injiniya.

"Kai ma ka ce ka tafi. Da ƙarfi, yadda zai ji. Don Allah. In ban yi yau ba ba zan taɓa yi ba."

Yaya ta kalli ƙanwarta. Auta mai surutu ce da dariyar banza, amma yau fuskarta kamar ta wadda za a yi wa allura.

Yaya ta juya wajen ɗakin. "Baba! Zan je kantin magani in dawo! Auta za ta raka ni!"

"Baba sai anjima!" in ji Injiniya, yana hararar Auta.

Auta ta fita tsakar gida, ta buɗe ƙofar waje, ta bugo ta da ƙarfi. Ta dawo a kan yatsun ƙafa.

"Ku cire takalma," ta raɗa.

Haka manyan mutane uku suka bi ta bayan kicin ba takalmi, Injiniya riƙe da nasa a hannu, suka ratsa tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, har tagar ɗakin Baba. Labulen yana da wata yagewa a gefe da Yaya ta daɗe tana cewa za ta ɗinke.

Yaya ta sa ido.

Baba na kwance yadda ta bar shi. Idanunsa a buɗe, yana sauraro.

Minti ɗaya. Biyu.

Sai bargo ya motsa.

Hannun hagu ya fito. Hannun da take murzawa da mai kowace safiya tana roƙon Allah ko yatsa ɗaya ya tsaya da rawa. Ya miƙe zuwa teburin, ba rawa ko kaɗan. Ya ɗaga farantin, ya ajiye a kan katifa don kada ya yi ƙara. Ya jawo kwanon kusa. Ya ɗauki cokali.

Ya ɗiba. Ya kai baki. Ko ƙwaya ba ta faɗi ba.

Ya sake ɗiba.

Takalmin Injiniya ɗaya ya kusa suɓucewa, Auta ta tare.

Cokali na huɗu, na biyar. Sai Baba ya juya bayan cokalin ya shafe saman shinkafar ya daidaita ta. Ya ɗan ɗebo kaɗan, ya leƙa gefen gado, ya zubar a ƙasa.

"Me yake yi?" Injiniya ya raɗa.

"Na mage ne, don a ce ita ta taɓa," in ji Auta. "Ya saba. Ya manta ba ta nan."

Yaya ta janye daga tagar. Ta jingina da tankin ruwa, ta zame har ta zauna a ƙasa.

"Magen nan," in ji ta. "Da tsintsiya na riƙa bin ta. Cikin buhu na sa aka kai ta."

"Yaya..."

"Tun yaushe?"

Auta ta durƙusa. "Tun kina asibiti."

"Bara?"

"Da ya ƙi ci, sai na bar masa ayaba biyu a gefen filo, don dai in ce na yi wani abu. Da na dawo sai ɓawo a ƙarƙashin gado. Na sake ajiyewa na laɓe. Na gan shi yana ɓarewa da haƙori da hannun nan."

"Ke!" Injiniya ya manta da raɗa, ya toshe bakinsa da kansa. "Ina durƙushe ina kuka a gabansa, ashe ke kina ba shi ayaba?"

"Ya gan ni na gan shi. Ya kamo hannuna, Yaya, wallahi sai da yatsunsa suka fito a jikina. Hawaye na bin kunnensa. Yana girgiza kai, yana nuna ɗakinki da ido."

"Shi ne kika yi shiru shekara guda."

"Eh."

"Saboda hawayensa."

Auta ta kasa haɗa ido da ita. "Da shi. Da kuma... na san in kika sani za ki tafi. Ki saba da tafiya. Kwanakin su dawo kaina. Ni ba zan iya abin da kike yi ba, Yaya, ko sati ba zan yi ba. Amma ɗazu da na ga kina jan layin nan..."



"Me ya sa zai yi min haka?" Yaya ba su take tambaya ba.

"Ke kaɗai ke zama," in ji Auta. "In kina ba shi kina masa hira, wane ya yi kaza, an buɗe sabon kanti, farashin kaza ya tashi. Mu kuwa cokali muke turawa muna kallon waya. In ya nuna yana iyawa, ajiye masa za a riƙa yi a fita. Kuma duk sanda ya hango akwatinki a falo sai jikinsa ya yi zafi, ba ki lura ba? Mamanmu ma da akwati ta fita zuwa asibiti, ta ce masa kwana uku za ta yi, ba ta dawo ba."

Ruwa na ɗiga daga famfon tankin, ɗis, ɗis, a kan zanin Yaya, ba ta matsa ba.

Can ta miƙa hannu. "Ku tashe ni."

Suka kama ta suka ɗaga. Ta kakkaɓe zaninta. Ba ta sa takalmi ba, ta bi ta kicin, ta ratsa falo, ta wuce kalandar da ke shimfiɗe. Su biyun na biye da ita nesa-nesa.

Ta tura ƙofar ɗakin ba sallama.

Yunwa ta sa Baba ya koma wa kwanon. Cokalin na tsakanin kwano da bakinsa.

Suka haɗa ido.

Ya saki cokalin. Ya faɗi a kan bargo. Hannun ya zube a gefen gado, ya fara rawa, irin rawar da ta sani.

"Bari, Baba," in ji Yaya. "Ya isa."

Rawar ba ta tsaya ba.

Ta zauna a bakin gado inda take zama kullum, inda katifar ta lotsa daidai jikinta. Ta ɗauki cokalin, ta goge da gefen mayafinta, ta buɗe yatsunsa ta sa masa a ciki, ta rufe su da nata.

"Kullum da safe ina roƙon Allah Ya dawo maka da hannun nan. Ashe Ya amsa tun bara, kai ne ka hana a gaya min."

Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne.

"Ba zan daina zama ba. Ko da hannunka kake ci zan zauna in yi maka hira, har ka gaji da ni. Amma Baba na gaji. Ka kalle ni. Ni ma na fara tsufa a ɗakin nan."

Waya ta yi ƙara a jakarta da ke rataye a kafaɗa. Agogon bango na nuna huɗu daidai.

Ta ciro, ta danna, ta kara a kunne.

"Mama, ni ce daga ofis. Wane wata zan sa?"

Cokalin ya sake faɗuwa. Hannun Baba ya cafke wuyan hannunta. Ba rawa. Riƙo ne irin na mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin ƙarfi, har sai da awarwaronta ya nutse a fata.

"Mama? Kina ji na?"

Injiniya da Auta na tsaye bakin ƙofa.

Yaya ta kalli hannun. Ta kalli fuskarsa. Leɓensa na motsi, sauti ba ya fita.

"Kwana goma ne, Baba," ta ce a hankali. "Ni zan dawo."

Ya ƙara matsewa.

Ta rufe ido.

"Fabrairu," in ji ta. "Rubuta, 'yata. Kuma ki ce su ajiye min katin nan na ƙofa."

"An gama, Mama."

Ta kashe wayar.

Yatsun Baba suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ya janye hannunsa. Bai juya wa bango ba, bai rufe ido ba, ita yake kallo.

Ya miƙa hannun zuwa teburin. Yaya ta ɗauka cokali yake nema, har ta sunkuya za ta miƙo masa.

Ya sa yatsa biyu a jikin kwanon, ya fara tura shi. A hankali. Idonsa cikin nata.

"Baba," in ji Auta. "Baba, kar ka..."

Kwanon ya kai bakin tebur, ya kife a ƙasa.

Baba ya mayar da hannunsa ƙarƙashin bargo, ya datse haƙora.